Tsarkin Jiki da Haƙƙin Gonar Maƙwabci

Littattafan da muka gada, Ahalari da Iziyya da Risala, ba su bar mace cikin duhu ba a kan haila. Sun faɗa mata iyakar kwanakinta, da lokacin da za ta ƙara kwana uku na sauraro, da yadda za ta gane ta samu tsarki, da ibadar da za ta dakata sai ta yi wanka. Abu ɗaya ne ba su taɓo ba, domin a zamanin waɗanda suka rubuta su babu shi, wato abin tare jinin da za a jefar ya ƙi ruɓewa. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce a Farfaru, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, ina kuma taɓa ɗinki a ɗaki. Babin haila ni nake karantar da shi, kuma tambayar da take ci mini tuwo a ƙwarya ba ta cikin matani, ba ta cikin sharhi. Idan najasa ta rabu da jikina, na tura ta inda za ta cuci wani, shin na fita daga haƙƙinta ke nan?

Sai an san inda audugar mata take ƙarewa a gari irin namu kafin a ga nauyin tambayar. Mu nan babu motar kwasar shara. Wata ta jefa tata a masai. Bayan gida narkewa yake yi ya lotsa, shi ya sa masai ɗaya kan yi shekaru, amma audugar kanti kumbura take yi ta zauna daram, masai ya cika tun lokacinsa bai yi ba, maigida ya shiga neman kuɗin haƙa wani yana mamakin abin da ya faru. Wata ta jira dare ta ƙone a bayan ɗaki. Abu ne jiƙaƙƙe, ba ya kama wuta sai an ɗiga masa fetur, ya yi ta tuƙuƙi da baƙin hayaƙi mai warin roba, iska ta tura shi tagar da yara suke kwance. Wata kuma ta ƙulle a baƙar leda ta cusa a juji.

Ta jujin nan ta fi damuna, domin juji a ƙauye dukiya ne. Toka da kashin awaki da ɓuntun gero da sharar tsakar gida duk nan suke taruwa, bazara ta yi a loda a amalanke ko a mangalar jaki, a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Na taɓa bin masu kai abinci gona lokacin noman farko, na ga abin da idona. Fartanya ta caki ƙasa ta fito da wani farin abu mai tsawon tafin hannu, fikafikansa biyu suna nan, gam ɗin bayansa ya kama yashi da tsinke, cikinsa ya yi kitib kamar kunun da ya kwana. Yaron da yake noman ya ɗaga shi a bakin fartanya yana cewa, "Baba, wannan fa?" Uban ya daka masa tsawa ya ce ya yar. Ya kuwa yar, cikin gonar maƙwabci. Wadda ta yi amfani da shi, Allah kaɗai ya san ko wace ce, ta yi wankanta tuntuni, ta yi sallolinta, tsarkinta ba shi da tangarɗa ko ɗaya.

Wadda ta yaga ɗaya ta duba za ta ga dalili. Fuskar sama roba ce mai kama da yadi, ta ƙasa leda ce, tsakiya ɓargon itace ne da aka niƙa aka haɗa da wani sinadari mai shanye ruwa ya riƙe. Sai gam, sai takardar da ke rufe gam ɗin, sai ledar da aka naɗe kowace ɗaya, sai ledar fakitin. Kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ne ya fito da Kotex a wajajen 1920, daga irin kayan da aka ɗaure raunin sojoji da su a Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu gam a baya kuwa sai wajajen 1970 suka bazu. An ƙera abin ne don garuruwan da mota take zuwa har ƙofar gida ta kwashe bola ta kai inda mai ita ba za ta sake gani ba. Mu an kawo mana kayan, ba a kawo motar ba.

Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. Mace ta ga al'ada sau 12 ko 13 a shekara, kowane zuwa kwana biyar, kowace rana ta canja sau uku: a shekara ta jefar da kusan 200. A cire shekarun goyon ciki da na shayarwa, har yanzu dubbai ne daga mace ɗaya kafin jinin ya ɗauke mata. Audugar da ba ta je gona ba, awaki su same ta a kan juji, kuma mahauci zai gaya maka irin ƙullin ledar da yake tararwa a tumbi. Sauran ruwan sama ya kwasa ya kai ƙorama. Ruwan wannan yanki gulbi yake nufa, gulbin da aka datse aka yi dam ɗin Jibiya, wanda yake ƙetarawa Nijar ya bi ta Maraɗi kafin ya karkato ya dawo Najeriya ya faɗa Rima. Nijar ta yi dokar hana shigo da leda tun 2014, amma ruwa bai san kwastan ba. Mu kuwa da muka ga ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya, bai kamata a ce sai an yi mana wa'azi a kan abin da ake zubawa a hanyar ruwa ba.

Abin da ya ba ni mamaki a karatu shi ne matsalar ta kai har Madina. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da alwala da ruwan rijiyar Buda'a, wadda tsummokaran haila da mushen karnuka kan faɗa cikinta. Malam Khaɗɗabi ya yi bayanin cewa ba da gangan mutane suke zubawa ba. Rijiyar a gangare take, ambaliya ce take kwaso ƙazantar daga hanyoyi ta zuba. Malamai suna kawo wannan hadisi a babin ruwa, don su nuna ruwa mai yawa ba ya ɓaci da abin da bai canja shi ba. Ni kuma abin da na tsinta a ciki shi ne, abin da mace ta yar a ɓoye, ruwa yana kai shi inda jama'a suke sha. Bambancin kawai, nasu tsumma ne, ba da daɗewa ba ƙasa za ta cinye shi.

Amsar tambayata na same ta a wani babin daban. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan mai biyan buƙatarsa a hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa, Abu Dawuda ya ƙara da mashayar ruwa. To, dubi wannan mutumin. Ya gama, ya yi tsarki da ruwa, ya yi alwala, sallarsa ta inganta a kowace mazhaba. Duk da haka tsinuwar mutane tana bin sa saboda inda ya bar abin. Ashe littafi biyu ne ake rubutawa. Ɗaya na tsarki, tsakaninka da sallarka, ɗaya na haƙƙi, tsakaninka da wanda zai taka. Wanka yana rufe na farko, ba ya taɓa na biyu. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, a nan take aiki. Ba ni da hurumin cewa audugar kanti haramun ce, ban kuma ji malamin da ya ce haka ba. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne halal ce a saya, halal ce a sa, amma alhakin inda ta ƙare yana wuyan wadda ta yar, gwargwadon yadda take da wata mafitar.

Mafitar kuwa tsohuwa ce, ƙunzugun ƙyalle da ake wankewa. Da zarar na ambata shi aji yakan yamutse. Wata amarya ta taɓa yatsina fuska ta ce, "Haba Malama, a wannan zamanin? Ni in sa hannuna in wanke jini? Ai ƙazanta ce." Na tambaye ta yadda take yi da ta kanti in ta cire. Ta sunkuyar da kai, ajin ya fashe da dariya, domin kowa ya sani. Da yawa daga cikin matanmu ba sa yar da audugar kanti sai sun buɗe ta sun wanke jinin tas da buta, suna matse wannan kumburarren cikin da yatsu, don tsoron kada wani ya tsinta ya yi musu asiri, ko aljani ya lasa su daina haihuwa. Babu wannan a littafin fiƙihu ko ɗaya da na karanta. Amma dai hannun da ake jin ƙyamar a sa ya riga ya shiga, ruwan ya riga ya ƙare, sannan a jefar da abin da aka wanke a sayi sabo.

Shari'a ba ta ɗauki jinin haila da irin firgitar da muke ɗaukarsa ba. Najasa ce, babu musu, amma najasa ce mai wankuwa. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Annabi game da tufar da jinin haila ya taɓa, ya umarce ta ta kankare shi, ta cuɗa da ruwa, ta ɗauraye, sannan ta yi salla da tufar. Khaula 'yar Yasar, wadda tufa ɗaya gare ta, ta tambaya in tabon ya ƙi fita fa, aka nuna mata ruwa ya wadatar, tabon ba ya cutar da ita. Ummu Salama tana da tufafin da ta ware don kwanakin hailarta. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muktasar na Halil ya zaunar da maganar: a wanke da ruwa mai tsarki har ainihin najasar ta tafi, launi ko warin da ya gagara kuwa an yafe. Idan tufar da za a tsaya gaban Allah da ita wanki ya ishe ta, ina ga ƙunzugu, wanda mai haila ba ta salla da shi ma? Ƙyama ɗabi'a ce, ban raina mai ita ba, ni ma ba daɗin wankin nake ji ba. Sai dai kada a ɗauko ƙyama a sa mata rawani a ce hukunci ce.

Har ma gane tsarki, da ƙyalle littattafanmu suka koyar da shi. Alama biyu ce, bushewa da farin kumfa. Bushewa ita ce mace ta sa ƙyalle ya fito babu jini babu fatsi-fatsi. Muwaɗɗa ya kawo cewa mata kan aika wa Nana A'isha ɗan mazubi da auduga a ciki mai alamar rawaya, ita kuma ta ce kada su yi gaggawa sai sun ga farin. Audugar kanti an yi ta ne don ta shanye ta ɓoye, samanta ya zauna a bushe. Yarinya ta duba ta ga fes, ta yi wanka, ta ɗauki azumi, la'asar ta yi abin ya dawo. Ko wadda ba za ta rabu da ta kanti ba, ina ce mata ta ajiye farin ƙyalle don wannan dubawar.

Amma a yi wa 'yan mata adalci, ba banza suka guje wa tsumma ba. Na ga irin na iyayenmu: yagaggen tsohon zani mai kaushi, a ninka a cusa, ya goge cinya har ta saɓule, ya zame a hanya. A wanke da dare a ɓoye, a tura ƙarƙashin katifa ko bayan tukunyar ruwa da danshinsa, gobe a ɗauko da warin rima a mayar. Ƙaiƙayi da ciwon sanyi suka biyo baya, aka ɗora wa tsumma laifi. Yarinyar da ta taɓa tashi daga benci a aji ta ga tabo a farin wandonta, duk wa'azin duniya ba zai mayar da ita ga wannan ba, kuma tana da gaskiya.

Wanda nake ɗinkawa daban ne. Nakan samu tawul da lallausan yadin auduga a wurin 'yan gwanjo, in dafa su in shanya. In yanka siffar ta kanti da fikafikanta. Sama yadi mai laushi, tsakiya tawul ninki biyu ko uku, ƙasa wani siririn yadi da ruwa ba ya ratsawa, irin na shimfiɗar jarirai. In bi gefe da ɗinki sau biyu, in tsaga tsakiya da layi biyu don kada tawul ɗin ya dunƙule, in sa maɓallin dannawa a fikafikan. Shida ko takwas sun ishi mace, suna kai shekara har su wuce in an kula da su. E, akwai 'yar roba a wannan shimfiɗar ta ƙasa, ban ɓoye ba, amma guda takwas ina, guda 200 ina. Wankinsa da ruwan sanyi ake farawa, domin ruwan zafi dafa jini yake yi ya kama yadi. A jiƙa, a matse, a sa sabulu, a ɗauraye, ruwan a zuba a masai. Sannan rana, har ya bushe ƙayau, in da hali a bi da dutsen guga. Ba ni na ƙirƙiro ba. A Yuganda akwai kamfanin AFRIpads da ya shafe fiye da shekara goma yana wannan sana'a.

Gaskiya, ba tausayin gona ne ya kawo mini mata ba, tsada ce. Mu na bakin iyaka mun sha ta kashi-kashi. An rufe boda a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa har Maris na 2024. A cikin waɗannan shekaru aka cire tallafin mai, naira ta faɗi har sefa ta fi ƙarfin mai zuwa sayayya Ɗan Isa ko Maraɗi. A ƙarshen 2023 kamfanin da ke yin audugar Always ya ce ya daina ƙera kaya a Najeriya, a 2024 masu Kotex su ma suka rufe masana'antarsu ta Ikorodu. Gwamnati ta cire harajin kaya a kan audugar da ake yi a gida tun 2020, amma mu ba mu ga alamar hakan a shagon unguwa ba. Mace ta tsaya tana auna fakiti ɗaya da kwanon masara. Wata ta bar guda ɗaya a jikinta tun safe har dare don fakitin ya kai. Wata ta ce mini, "Malama, to ni da talauci ya koro ni, ina da lada?" Na ce mata niyya ba ta ƙarewa a kasuwa, ta gyara ta yau.

Inda abin yake cijewa wuri biyu ne, ruwa da rana, kuma dukansu a hannun maza suke. Ruwa saye ake yi da rani, jarka-jarka, kuma macen da za ta ce a ƙaro jarka ɗaya sai ta faɗi dalili. Muktasar ya lissafa ruwa a farkon abubuwan da suke wajaba a kan miji, tare da mai da itace da gishiri, masu sharhi kuma suka ce har da na wanka da na wanki. Ba alfarma ba ce. Rana kuwa kyauta ce, amma igiyar shanya a tsakar gida take, inda suruki yake wucewa, ƙanen miji yake alwala, almajiri yake shigowa ɗaukar kwano. Dabarar da muke yi ita ce a shanya a yafa siririn mayafi a kai, ko a ɗaura wata igiya a bayan ɗaki wajen makewayi. Dabara ce mai aiki, amma tana ba ni haushi. Gidan da ake shanya ƙyallen kashin jariri a fili, babu mai ɗauke kai, shi ne ƙyallen da aka wanke tas, mai tsarki a hukunci, ya zama abin ɓoyo har ya yi rima ya sa matar gida ciwo. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Shehu Usmanu, a Nurul Albab, ya caccaki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilcin hukunce-hukuncen tsarki da salla, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Kunya ado ce, na yarda. Wadda take kai mace asibiti dai ban san daga wane littafi aka ɗauko ta ba.

Akwai kuma waɗanda ba zan buɗe baki in yi musu wannan magana ba. A 2022, da mutanen garin Shimfiɗa suka gudo cikin Jibiya saboda 'yan bindiga suka cika makaranta, mata da yawa da zanen jikinsu kaɗai suka iso. Babu bokiti, babu sabulu, babu lungun da za a shanya ko ɗankwali. Mace irin wannan, fakitin audugar kanti rahama ne gare ta, wanda ya kai mata ya yi sadaka. Haka mai doguwar tafiya a mota, haka mai jego a kwanakin farko, haka yarinyar da za ta wuni a ɗakin jarrabawa. Lalura tana da hukuncinta. Abin da nake roƙo a nan shi ne kada audugar ta shiga juji. A haƙa mata rami nata mai zurfi, nesa da rijiya, a rufe bakinsa.

Ana maganar wani ɗan kofin roba mai laushi da ake sawa ciki ya tari jinin, a zubar a ɗauraye a mayar, a dafa shi in kwanakin sun ƙare. Ba sabon abu ba ne, wata Ba'amurkiya, Leona Chalmers, ta yi masa rajista tun 1937, kuma wani nazari da mujallar Lancet Public Health ta buga a 2019 ya nuna ba shi da hatsari in an tsaftace shi, guda ɗaya kuma yana iya kai shekara goma. Ruwan da yake ci bai kai na wanki ba, wannan babbar magana ce a wurinmu. Ta fuskar fiƙihu ban ga abin hanawa ga matar aure ba, tunda an yi wa Hamnatu 'yar Jahshi nuni da cusa auduga saboda yawan jini. Budurwa kuwa ba zan kai wa uwarta wannan zance ba, na san inda za mu ƙare. Ba a kuma sayar da shi a shagunanmu, sai an yi sautu.

Maganar ruwa da igiya na kai ta inda ya kamata, ta bakin maigidana, domin ba ni zan tsaya gaban maza ba. Na ce ya roƙi liman ya taɓo ta a karatun bayan magariba. Liman ya saurara, ya ce maganar ruwa a cikin ciyarwa tana nan a littafi, zai karanta ta yadda take. Ta juji da gona ma zai faɗa, da sunan leda. Ta shanya kuwa ya ce wannan ta cikin gida ce, mu ƙarata can tsakaninmu mata.